Baturiyar da Yaya Haruna Ya Ɗaura wa Zane

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Haruna maƙabartar Baƙi'a a Madina, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma har yau idan mukayyif ɗina, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara tari maimakon ya ba da sanyi, shi nake fara tunawa. Mutanen unguwar Harra ta Gabas sun san shi da gyaran mukayyif da firiji. Ni da muka fito ciki ɗaya na san wannan neman abinci ne kawai. Abin da ya tafi da hankalinsa tun yana saurayi shi ne injinan wasa irin na da, waɗanda ake jefa wa tsaba su kama walƙiya da ƙara. Idan aka rufe wani gidan wasan yara a Madina, kafin mai wurin ya gama cire allon ƙofa Yaya ya samu labari.

Ni ke da wanet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, don haka ni ne jakin wannan sana'a. Wata safiyar Alhamis ya ja ni haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ya tsaya gaban wata aba mai ƙafa huɗu da aka jingina tsakanin karyayyen gado da injin wanki. Filiba ake ce mata. Teburi ne mai gangara a ƙarƙashin gilashi, ana harba ƙwallon ƙarfe ta yi ta karo da turaku, kai kuma kana tare ta da 'yan fikafikai biyu kada ta faɗa rami. A kan teburin akwai allon gilashi mai hoto, da fitilu a bayansa. Ita wannan ta haraj babu abin da ke motsi a cikinta sai kyankyasai. Na ce, "Yaya, wannan ai gawa ce." Ya ce, "Suma ta yi. Kama can."

Shekara uku ta yi a majalisin gidanmu, ɗakin da ake saukar baƙi, tana jinya. Wayoyin da suka ƙone ya sake naɗa su da wayar tsohuwar fanka. Robobin turakun ya yanko su daga tiyub ɗin keke. Mutumin da zai bar mai firiji yana jira kwana biyar da nama na narkewa, shi ne zai kwashe yini guda yana goge ƙwallo ɗaya da tsumma. Baƙi kuwa sun koyi zama a karkace, domin filiba ta cinye bangon da ake jingina.

Ranar da fitilun suka fara kamawa, ranar muka ga abin da ƙura ta ɓoye mana. Hoton wata Baturiya ce tsaye a kan jirgin ruwa tana dariya, kayan jikinta gaba ɗaya ba su kai hankici biyu ba. Mahaifiyarmu, Hajiya, ta shigo da shayi, ta ɗaga kai, ta saki salati.

"Haruna, a garin Manzo? A majalisin da ake salla? Wallahi ko ta sa sutura ko ta fita, halas, magana ta ƙare."

Ta ƙara da cewa abin da ake jefa wa kuɗi a jira sa'a caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Yaya bai yi musu ba. Ya toshe ramin tsabar, ya sa maɓallin ƙararrawar ƙofa a wurin, kowa ya danna ya yi wasa kyauta. Sannan ya ɗauko fentin da yake shafa wa firiji, ya aro atamfar Hajiya mai kore da furanni rawaya ya shimfiɗa a gabansa, ya zauna sati biyu. Ya ɗaura wa Baturiya zane har idon sawu, ya yi mata riga mai dogon hannu, ya yafa mata gyale. Fentin ya yi kaurin da haske ba ya ratsa shi, sai fuskarta kaɗai ke haskawa. Hajiya ta duba ta ce yanzu ta zama 'yar mutane. Ni ma na yaba, in faɗi gaskiya. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa a wurin masu tara irin waɗannan kaya, gilashin nan yadda ya fito daga masana'anta shi ne ran abin.

Wani lokaci ina kallon 'ya'yana a nan unguwar Khalidiyya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana wasa shi kaɗai, ka yi masa magana da Hausa ya amsa da Larabci ba tare da ya ɗago ba, sai in ce ko me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Karɓar wayar zai yi, ya juya ta gaba da baya yana neman inda ake kwancewa, in bai samu ba ya miƙa wa mai ita ya ce abin da ba a buɗewa ba naka ba ne, aro aka ba ka.

A shekara ta uku ne aka gayyace shi taron masu tara tsofaffin injinan wasa. Sau ɗaya a shekara suke kama istiraha, gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari, kowa ya kawo abin da yake taƙama da shi. Da yawansu manyan mutane ne daga Jidda da Riyad, kuma duk sun san Yaya, amma a matsayin wanda ake kira idan waya ta ƙone. Wannan ne karo na farko da aka ce ya zo da tasa. Bai ɓoye mini ba, ya ce so yake sau ɗaya ya shiga wurin nan a zaunar da shi a tsakiyarsu, ba a nuna masa bayan inji ba. Ya sa sabuwar jallabiya. Muka naɗe filiba da bargo muka ɗaure.

Mun tarar da injina kusan ashirin a jere, kowanne yana sheƙi, kowanne da takarda a manne: an hana taɓawa. Shugaban taron, Abu Faisal, dattijo mai tsabta da ƙamshin turare, ya zo da kansa da jama'a a bayansa. Yaya ya yi bisimilla ya yaye bargo.

Jama'a suka zuba wa gilashin ido. Sai wani daga baya ya ce, "Masha Allah, Hajjo ta zo ziyara!" Dariyar da aka kwashe da ita har mai dafa shinkafa ya leƙo. Abu Faisal bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya kai farce kan gyalen ya ɗan kankara, ya ce wa Yaya cikin ladabi, "Ya shaihi, ka san abin da ka yi? Shekara goma ina neman wannan gilashin. Ka kashe ta." Yaya ya sunkuya ya hau warware wayar wuta.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Wani matashi da ke kusa da ni, yana share hawayen dariya, ya tambaye ni, "Tare kuke?" Na dubi takalmansa, na dubi silifas ɗina, na ce da Larabcina mafi kyau, "A'a, ni direba ne kawai." Ban ɗauka muryata ta kai kunnen Yaya ba. Yaya ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ya jona waya a bango.

Aka yi Azahar, aka ci shinkafa da rago, aka sha shayi. Sai zaman ya mutu. Mutum talatin sun ƙoshi, ga injina ashirin, kuma babu wanda ya yarda a taɓa nasa. Yaya ya tashi ya danna maɓallin ƙararrawa ya fara wasa shi kaɗai. Ƙarar ta cika wurin. Wani ya matso ya tsaya, wani ya ce a ɗan ba shi. Kafin La'asar an yi layi har bakin ƙofa, manyan mutane suna cacar baki a kan wanda ya riga wani. Robar keken nan tana mayar da ƙwallo da ƙarfin da ba su saba gani ba. Abu Faisal ya daure ya daure, daga ƙarshe ya cire rawaninsa ya rataya a kafaɗa, ya naɗe hannun riga. Ƙwallonsa ta faɗa rami, ya ɗaga kai ya ce wa Baturiya, "Haram alaiki, ya Hajjo!" Da aka kawo shayi na biyu, shi da kansa ya jawo Yaya ya zaunar da shi a damansa. Bai janye maganarsa a kan gilashin ba, ya ce har gobe ɓarna ce. Amma ya tambayi lambar tiyub ɗin.

Ni kuma, da na ga iska ta juya, na kutsa na dafa kafaɗar Yaya na ce wa jama'a, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya." Ya ɗauke hannuna a hankali, ya yi murmushi, ya ce, "Direba ne. Ku ba shi shayi a waje."

Daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa. Shekara biyar ya yi a duniya bayan wannan, kuma bai ƙara ce mini Isiyaku ba, bai ƙara cewa ƙanena ba. "Direba ya ci abinci?" "A gaida Direba." Ranar sunan ɗana na fari, a gaban surukaina, ya yi addu'a Allah ya raya ɗan Direba. Kowa ya ɗauka wasa ne saboda wanet, har unguwa ta kama. Mu biyu kaɗai muka san daga inda ya fito. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum sai in ce sai mun keɓe, in mun keɓe sai ya miƙo mini sukundireba ya ce in riƙe, sai maganar ta maƙale. Ciwon zuciya ya ɗauke shi wata ranar Litinin ina kan hanyar Yanbu da kayan wani. Wannan abu yana cina har yau, kuma ba na jin zai daina.

Idan na auna abin da ya bari, ba shi da yawa. Shagon ya zama wurin sayar da katin waya. Firijin da ya gyara duk sun koma haraj. Taron istiraha na ji an daina, kowa yana nuna kayansa a hoto ta intanet, inda babu mai taɓawa tun asali. Abin da ya rage shi ne mutanen da suka taɓa danna maɓallin nan ba tare da an tambaye su ko sisi ba, da wata magana guda da na samu bayan an share makoki.

Hajiya ce ta kira ni majalisi, ta nuna filiba da sandarta. Ta ce da asubar ranar da ya rasu, da ya ji jikin ya ƙi, ya yi mata wasiyya a kanta.

"Ya ce a ba ƙanensa."

Na ce, "Hajiya, haka ya ce? Ko Direba ya ce, kike gyarawa?"

Ta dube ni ta ce, "Ni na haife ku, ban san bambanci ba? Cewa ya yi, a ba ƙanena Isiyaku." Ta bar ni na gama kukana, ta miƙo mini gefen gyalenta na share fuska. Sannan ta ce, "To yalla, maza kawo wanet ɗin kafin La'asar. Shekara takwas rabona da jingina a bangon nan."