Ranar da na kai surukina ƙauye a Amurka

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zube gaba ɗaya, zuwan surukina Greensboro a shekarun casa'in zai rage a ciki. Lokacin ina tuƙa tasi, muna zaune a wani ɗan gidan haya a East Greensboro, ni da matata da yara biyu. Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun farko bai so aurenmu ba, don ni aji uku na sakandare na tsaya. Kafin ya taso ya aiko cewa zai zo ya ga zaman 'yarsa, idan bai yi masa ba, da ita zai koma.

Sai tsoro ya kama ni, kuma ni tsoro wauta yake sa ni. Wani fasinjana malamin jami'a ya ce akwai gidan tarihi can gaba da Summerfield, manyan mutane ke kama shi su huta. Da na ji "manyan mutane" ban ƙara tambaya ba, na kama mana kwana biyu. Daga filin jirgi can na wuce da shi.

Muka bar kwalta muka hau burji. Ga gida nan na gungumen itace, an lilliƙe tsakaninsu da laka, ga rijiya a tsakar gida, ga murhu ya yi baƙi ƙirin. Matata ta ɗan taɓo ni, ta ce, "Maigida, nan ne?" Na ce nan ne, ina wani hura hanci.

Mai gidan, wata tsohuwar Baturiya, ta zagaya da mu tana alfahari cewa ba a canja ko ƙusa ba. Ta ɗaga wani bargo mai faci a kan faci, ta ce kakarta ce ta haɗa shi da tsofaffin riguna. Ta dafa gadon da na ware wa Alhaji, ta ce a kansa kakanta ya cika. Na yi wuf na fassara, na ce, "Baba, cewa ta yi gadon manya ne." Na manta mutumin nan ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Bai ko dube ni ba, ya ce wa 'yarsa, "Ki tambaye shi, laifin me na yi masa?"

A kan dardumar sallarsa ya kwana. Da asuba na ji yana cewa, "Tattara kayanki da na yaran. Ko a garinmu an daina rufa da tsumma. Mutum ya ƙetare teku ya zo yana jan guga?" Matata ta yi ta rantsuwa cewa ba nan muke zaune ba, haya aka kama don a girmama shi. Ya ce, "Biya ake yi a kwana a nan? Ke ma kin koyi ƙarya."

Ba shiri na zuba su a mota zuwa gidan da nake ɓoyewa. Ya shiga, ya taka kafet, ya buɗe firji, ya murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, ya zauna a ƙarƙashin esi yana shan sanyi. Can ya juyo, karo na farko da ya yi min magana kai tsaye, ya ce, "Kana da wannan, me ya kai ka daji?"

Ya bar min matata, amma ya tafi da labarin. Duk dangi sun ji, har yanzu idan na je gida sai wani ya tambaye ni lafiyar rijiya.

Abin da na koya shi ne, Bature ya ƙoshi da sabo shi ya sa yake marmarin tsoho. Namu mutumin da ƙyar ya fito daga laka, in ka mayar da shi cikinta da sunan karramawa, zagi ka yi masa. Baƙonka ka ba shi abin da shi yake kira girma, ko da ɗaki ɗaya ne da famfo.