Tukunyar Baba Ƙarami

Ƙamshin ne ya tare ni a bakin ƙofa, ina dawowa daga shago. Nama ne ke dahuwa cikin burkutu. Wanda bai taɓa jin sa ba, da wuya a kwatanta masa. Akwai ɗan tsami-tsami, akwai zaƙin dawar da ta yi tsiro, ga daddawa da citta suna biye. Na tsaya riƙe da babur, na kasa shiga gidana.

'Yata ce a bakin murhu. Ita da ƙawayenta na makarantar jinya sun shirya taro a gidanmu nan Zuru, wai ranar abincin kakanni. Ba shinkafa, ba lemon kwalba, sai abin da tsofaffi suka ci. Na tambaye ta ko akwai Musulmi cikin baƙin. Ta ce biyu.

Na ce, "To, ina tukunyarsu?"

Ta ce, "Baba, ai wuta tana cinye giyar. Ba wanda zai sani."

Ban yi mata faɗa ba. Na ɗauko wata tukunya na miƙa mata, na ce a sayo wani naman, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Kai mai karatu, ni ba mai ilimi ba ne, firamare na gama na shiga ɗinki. Abin da zan gaya maka laifina ne, kuma na ɓoye shi kusan shekara arba'in.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, bayan Dabai. Gidanmu yana da al'ada tasa. In an yanke dawa, an ɗaure dammuna, an cika rumbu, kakata ta wajen uba takan tara 'ya'yanta da jikoki a ci sabuwar dawa. Dokar ranar guda ce: duk abin da zai shiga baki, sai da sabuwar dawa a cikinsa. Tuwo na dawa, kunu na dawa, burkutu na dawa. Naman ma ba a bar shi ba, cikin burkutun ake dafa shi. Tsohon bunsuru take zaɓa, irin wanda namansa ke gagarar haƙori. Ta zuba masa giyar da ta fara tsami, ta bar shi kan wuta tun hantsi. Kafin rana ta karkata, yaro mai giɓi da tsoho marar haƙori duk ɗaya suke a gabansa.

Burkutu sana'ar Kaka ce. Da ita ta raini 'ya'yanta bayan kakanmu ya rasu. Aiki ne na mako guda. A jiƙa jar dawa, a shimfiɗa ta a rufe da ganye har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa cikin manyan tukwane, a tace, a sake dafawa. Dusar kuma ta aladu ce, sukan ci su kwanta suna minshari kamar dattawa. A waɗannan kwanaki gidan duka warin giya yake, zanen Kaka, gashin kanta, har ruwan randa.

Autanta shi ne ƙanen mahaifina, muna ce masa Baba Ƙarami. Ya shiga soja kamar samarin ƙasarmu da yawa, a bariki kuma ya musulunta. Mu sauran, wasu na zuwa coci, wasu na bin na gargajiya. Da ya dawo hutu da hula da buta, an yi gunaguni a gidan. Kaka ba ta biye musu ba. Ranar kasuwa ta je ta sayo sabuwar tukunya da ludayi da akushi, ta rataye su can sama a ɗakinta inda hannun kowa ba ya kai. Ruwan girkinsa daga rijiya ake kawo shi kai tsaye, ba ya bi ta randa. Murhunsa daban, a bayan rumbu. In an tsokane ta, sai ta ce, "Addininsa nasa ne, cikinsa nawa ne."

Shi kuma shi ke yanka bunsurun kowace shekara, don kowa ya iya ci. Yana juya shi gabas yana motsa baki, mahaifina na tsaye yana cewa, "Malam, ka gama yi wa bunsurun wa'azi? Yunwa muke ji." Baba Ƙarami ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ya fi ka sauraro." Haka suke, ana yi ana dariya.

Shekarar da abin ya faru ina da sha uku. Kaka ta zuba naman Baba Ƙarami cikin tukunyarsa da ruwan rijiya, ta sa daddawa da barkono da citta, ta kira ni. Ta ce cikin jikokinta ni ne mai natsuwa. Aikina in zauna bayan rumbu, in riƙa tura itace, in ruwa ya ja in ƙara.

Na zauna. Sai ganga ta tashi a filin kokawa. Ka san lokacin kaka a ƙasarmu, samari sun ƙoshi, kowane ƙauye na neman wanda zai kayar. Na ce bari in leƙa, kaye ɗaya in dawo. Na cika murhun da itace don kada wutar ta mutu, na ruga. Kaye ɗaya ya zama biyar.

Da na dawo, ƙauri ne ya tarbe ni. Ruwan ya ƙone ƙaf, rabin naman ya manne a gindin tukunya baƙi ƙirin. Na leƙa tsakar gida, mata duk suna wajen tuƙin tuwo. Na kankare ƙonannen na jefa wa kare. Na ɗauki ƙwarya na lallaɓa wurin babbar tukunya, wadda ke tafasa da burkutu, na ɗebo nama da romo sau uku na cika tukunyar Baba Ƙarami. Launinsu ɗaya, don daddawa ta baƙanta duka biyun. A raina na ce ba wanda zai sani.

Kaka da kanta ta zuba a akushi, da hannunta ta kai masa gindin tsamiya inda maza ke zaune. Kwana bakwai tana kan tukwanen giya, hancinta ya cika, ba yadda za a yi ta bambance. Shi kuwa shekara goma bai kusanci abin ba, ga shi naman da ya tashi a kansa tun yana yaro. Ya yi bisimilla, ya kai tsoka ɗaya baki, ya tauna sau biyu ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Tana murmushi, tana jira ya yaba. Mahaifina kuma, da ƙoƙon giya a hannu, bai san komai ba, ya ce, "Ci mana, Malam. Ai hannun tsohuwa ba ya kuskure." Maza suka kwashe da dariya.

Baba Ƙarami ya rufe akushin. Ya tashi ya ɗauki butarsa, ya zaga bayan rumbu. Ina wurin a laɓe. Na gan shi ya tofar, ya kurkure baki sau da yawa, ya daɗe tsugune kansa a ƙasa. Da ya fito sai ya ce an kira shi bariki, zai bi motar yamma. Ya durƙusa ya yi wa Kaka sallama kamar yadda ya saba, ya tafi.

Daga ranar bai sake cin komai a gidanmu ba. Bai daina zuwa ba. Yakan zo da sabulu da sukari da turmin atamfa, ya zauna a ƙofar ɗakinta su gaisa. In ta kawo abinci ya ce ya ƙoshi, ko ya ce yana azumi. Ko ruwa sai wanda ya zo da shi a gora. Shi a ganinsa an haɗa baki ne a gwada shi, kuma uwarsa na ciki, tunda matar da ta shekara arba'in tana dafa giya ba za ta kasa jin warinta ba. Ɗa kuwa ba ya tuhumar uwarsa, sai ya haɗiye. Ita a ganinta wasu malamai ne suka ce masa hannunta ba shi da tsarki.

Sau ɗaya ta tambaye ni. Muna ɓarar gyaɗa, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ɗan nan, ran cin dawa, ka bar tukunyar nan?"

Na ce, "A'a, Kaka."

Ta ce, "Na sani." Ta ɗebi gyaɗa ta zuba mini a aljihu.

Ƙona naman wauta ce ta yaro. Wannan "a'a" ita ce zunubina.

Da damina ta zagayo, Kaka ta bar dafa burkutu. Ba wanda ya sa ta. Ta wanke manyan tukwanenta da yashi, ta kife su bayan ɗaki, kaji suka mayar da su wurin ƙwai. Ta koma yin itace da ƙuli-ƙuli, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana hawa dutse da gatari. Matan da suke saye wurinta suka ce ta haukace. Ta aika wa Baba Ƙarami cewa gidan ya bushe, ko ɗigo babu. Ya zo, ya ga tukwanen a kife, idonsa ya kawo ruwa, amma da ta ajiye masa akushi ya ce yana azumi. Mahaifina ya ce girman kai ne, ya daina amsa gaisuwarsa. Cin sabuwar dawa ya mutu a gidanmu, don Kaka ta ce ba ta tara 'ya'ya huɗu ta ciyar da uku.

Duk ina gani. Da farko bulala nake tsoro. Da na wuce bulala sai kunya. Daga baya abin ya yi nauyin da na kasa ɗaga shi. Shekara shida Kaka ta yi a haka, ta rasu tsakiyar damina. Baba Ƙarami ne ya fi kowa haƙa a kabarin, hannunsa har ya fashe, kuma kwana uku na zaman makoki bai ci lomar gidan ba. Ni kuwa na girma, na yi aure, har aka ba ni ajin yara a coci ina koya musu kada su yi ƙarya.

Kwana biyu bayan taron 'yata, na hau babur na nufi Mahuta, inda Baba Ƙarami ya zauna tun da ya bar soja. Na same shi kan tabarma gindin mangwaro, ya tsufa, idonsa ya yi hazo, rediyo a gefensa. Muka gaisa. Na sauka daga tabarmar na zauna a ƙasa, na faɗa masa duka, tun daga gangar kokawa.

Ya kashe rediyon.

Ya ce, "Inna ta sani?"

Na ce, "Ba ta sani ba, Baba. Ta tambaye ni, na yi mata ƙarya."

"Yaya fa?"

"Shi ma bai sani ba, har ya rasu."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce, "Shekararka nawa lokacin?"

"Sha uku."

Ya ce, "Ni talatin da biyar. Kai bulala ka ji tsoro. Ni mi na ji tsoro, da ban buɗe baki na tambaye ta ba? Na tsaya gaban bindiga, na kasa tsayawa gaban tsohuwa guda."

Na ce ya yafe mini. Ya laluba sandarsa ya ce, "Tada mashin ɗin nan."

Na goya shi har ƙauye, hannunsa a kafaɗata ba nauyi kamar na yaro. Na kai shi gindin dutse inda Kaka take. Ya tsaya ya dogara sanda, ya yi mata magana da C'lela, harshenmu na gida da na daɗe ban ji a bakinsa ba. Na ja baya, don ba da ni yake ba.

Da muka gangaro gida, gwaggona ce kaɗai a ciki, yayarsa, ita ta rage cikin 'ya'yan Kaka ban da shi. Ya zauna a ƙofar ɗakin uwarsu, wanda rufinsa ya faɗa tuni. Ya ce, "Akwai abinci a gidan nan?"

Gwaggo ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Sai tuwon jiya da miyar kuka. Ban ko ɗumama ba."

Ya ce, "Kawo."

Ta kawo a kwanon roba. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ci a hankali har ya suɗe kwanon. Ya ɗebi ruwan randa ya sha. Sannan ya juyo wajena ya ce, "Nawa na yafe. Sauran ba a hannuna yake ba."

Yanzu in na duba dangoginmu, na coci da na masallaci, gaisuwa ta koma ta waya. In an haɗu wurin biki kowa da kular abincinsa, ba wanda ya zargi wani, ba kuma wanda ya ci na wani. Mutane na cewa zamani ne ya raba mu. Wataƙila haka ne a wasu gidajen. A namu dai na san wanda ya raba, ƙwarya uku ya ɗiba. Baba Ƙarami ya yafe, Gwaggo ma da na faɗa mata ta yafe. Kaka kuwa ta tafi tana ganin ni ne mai natsuwa cikin jikokinta, kuma ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa in gyara mata wannan.