Kunyar Ɗan Fari da Ƙodar Ɗana

A layinmu na Fagge, ni ake ba wa amare misali da ita wajen kunyar ɗan fari. Ba na faɗin sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Wanka surukata, tsarki surukata, nawa shayarwa kawai. Ana yabona, ni kuma ina ta hura hanci.

Yana wata takwas zazzaɓi ya sa shi gaba, ya tafi ya dawo. Surukata ta ce haƙori ne, muka yi ta ɗura masa jiƙo.

Ranar da ta tafi biki, dole na goya shi zuwa Sabon Gari sayen yadi. Mai shagon wata dattijuwa ce 'yar Ibo, tsohuwar nas. Ta ji yana nishi, ta ce in sauke shi, ta danna mararsa.

"Maman yaro, in zai yi fitsari, tsartuwa yake ko ɗiga?"

Wallahi ban sani ba, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ta cire masa nafkin muka jira. Ya yi ta yunƙuri, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ɗis, ɗis.

"Yau za ki kai shi asibiti, ba gobe ba," in ji ta.

Bayan an yi hoto, likita ya zana mana a takarda ni da babansa. Wani ɗan tantani ne a hanyar fitsarin, da shi aka haife shi, kuma maza kaɗai yake samu. Yana tare fitsari ya koma sama, ƙoda ta kumbura. In aka bar shi, ƙodar ce za ta mutu. Aka sa masa robar fitsari, na ga jakarta ta cika, na ji haushin kaina kamar in mari fuskata.

Da zazzaɓin ya sauka, aka zura wani siririn ƙarfe mai kyamara aka yanke tantanin. Ko ciki ba a tsaga ba.

Bayan wata uku muka koma hoto. Likita ya daɗe yana kallon allon, ni kuwa salati nake kamar mai naƙuda.

"Ƙodar hagu ta yi tabo, za mu riƙa dubawa. Ta dama lafiya lau, za ta riƙe shi."

Na zauna daɓas a ƙasan ofishin ina kuka ina dariya, har sai da likitan ya zagayo ya karɓi yaron kada in kayar da shi.