Usur a Salansar Kawu Mainasara

Kawuna Mainasara direba ne a tashar Kiru, kuma ban taɓa ganin mutumin da 'yan talla ke juyawa kamar waina irinsa ba. Matarsa ta rasu tun ina ƙarama, 'ya'yansa duk sun yi aure, sai ya juye ƙaunarsa kaf kan wata tsohuwar akori-kura fara. Duk ranar da ya shiga Kano sayen kayan gyara, sai ya dawo da wani tarkace a aljihu yana washe baki. Akwai maganaɗisun da ya ɗaure a tiyon mai, wai yana jera fetur sahu-sahu kafin ya shiga inji. Akwai 'yar farfelar gwangwani da ya cusa a bakin kafireto. Amma abin alfaharinsa shi ne wani usur na ƙarfe da ya soka a salansa a 1988. In ya taka totur, sai motar ta callara ƙara, fiiii, karnukan gari su bi ta da haushi. Kawu ya rantse gudunta ya ninka. Mu da muke shiga mun san jaki mai himma zai iya jerawa da ita.

Ranar kasuwar Kwanar Ɗangora yakan bi ta rugagen Badafi ya kwashi mata masu tallar nono. Cikinsu akwai Yalwa, wata doguwar bazawara mai kaifin baki, ita ke zama gidan gaba da ƙwaryarta a cinya. Kowa a gidanmu ya san Kawu sonta yake, har kaji sun sani. Shi ne dai ya kasa faɗa. Ba ya ganinta sai a wannan tafiya, shi ya sa ranar kasuwa yake wanka da turare kamar mai zuwa Idi.

Wata rana ya ɗauki lodi zuwa Doguwa. Yana wuce Tudun Wada, a kan hawa, motar ta yi tari ta mutu, fasinjoji suka sha turi suna yi masa Allah ya isa. Da ya dawo ya kai ta wurin Sabo bakanike. Sabo ya buɗe gaban motar, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Yaya Mainasara, ai shaƙe ta ka yi! Gaba ka toshe mata numfashi, baya ka toshe. Maganaɗisun nan kuwa, ko a wuyan akuya ka rataya shi aikin ɗaya ne."

Ya cire su duka ya watsar a bayan gareji. Kawu ya tashi mota, sai ga ta tana tafiya sumul, ba tari ba ƙara. Kunya ta kama shi, amma daɗi ya fi yawa.

Ranar kasuwa ya nufi Badafi a guje, yana ɗokin Yalwa ta ga yadda motar ta koma yarinya. Bai tarar da kowa a bakin hanya ba. Ya danna hon har ya gaji. Abin da shi da Sabo ba su sani ba, rugagen suna can cikin daji, kuma matan ba agogo suke dubawa ba. Ƙarar usur suke jira, in sun jiyo ta daga nesa su ɗauki ƙore su fito. Ranar haka suka zauna suna kasa kunne har rana ta take, kasuwa ta wuce su.

Da labari ya iso wa Kawu, ko hula bai saka ba ya ruga gareji. Sabo ya sosa ƙeya ya ce ai Surajo ne ya tsinci usur ɗin. Surajo wani sabon direba ne da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fasinjojin Badafi.

Kasuwa ta zagayo. Kawu na kan hanya sai ya jiyo kukan usur ɗinsa a gabansa, fiiii, ya hango motar Surajo cike da ƙore tana shan kwana. Ya tabbata Yalwa na can gidan gaba kusa da wani, sai ya rage gudu yana ta salati.

A gindin tsamiyar da matan suke jira, ya ga mace ɗaya tsaye da ƙwarya. Yalwa ce.

"Ke ba ki ji usur ba?" in ji Kawu.

"Na ji mana. Da gudu na fito har na yi tuntuɓe. Na leƙa motar na ga wani yaro."

"To me ya hana ki shiga?"

"Malam Mainasara, kai tsammaninka don ƙarar nan nake biyo ka? Kunnena har ciwo yake. Buɗe mini ƙofa, kindirmona zai tsinke."

Daga bakinta na ji sauran, don yanzu matar Kawu ce, Inna muke kiranta. Ta ce Kawu ya riƙe sitiyari yana murmushi shi kaɗai, har ya wuce kasuwar bai sani ba, sai da ya ga Tudun Wada a gabansa. Ita kuwa ta ga kasuwar sarai, amma ba ta ce masa ya tsaya ba.