Yogot ɗin Hajiya da Motar Ƙaninta

Shekarun baya can, muna gama hidimar ƙasa, ni da abokina muka buɗe kamfanin ba 'yan kasuwa shawara kan tafiyar kaya, tun daga inda ake samo su har su isa hannun mai saye. Kamfanin dai ɗaki ne guda a Gada Biyu, bayan shagon wani tela. Muna da kwat, muna da allon suna, ba mu da kwastoma.

Wadda ta fara shigo mana wata Hajiya ce mai yin yogot a Kwararafa. Ta zauna a kujerarmu ɗaya tilo mai lafiya, ta ce, "Yarana, masu shaguna a Bukuru sai dawo min da kaya suke, wai ya yi tsami. In haka ta ci gaba rufewa zan yi, kuma mata da yawa a nan suke ci."

Ni na so mu zauna mu zana mata taswira a kwamfuta. Abokina ya ce, "Oga, cire kwat ɗin nan, mu bi mota."

Muka duba madara, lafiya lau. Firji ma haka. Sai muka shiga motar rabon kaya. Direban ƙanin Hajiya ne, mutum mai fara'a da iyali da yawa. Muna fita, maimakon ya miƙe Bukuru, sai ya karkata Abattoir, mayankar gari. Ashe kullum yana ɗaukar wa masu tsire nama, yana ɗan samun na cefane. Kafin mahauta su gama yanka da fiɗa, rana ta take, yogot na cikin mota yana gumi.

Direban ya kalle mu ya ce, "Don Allah ku rufa min asiri. Yaya ce ta riƙe ni tun rasuwar babanmu."

Mun daɗe muna gardama a ofis. Ni na ce mu faɗa mata ta sallame shi, abin da aka koya mana ke nan. Abokina ya ce aikinmu gyara tafiyar kaya ne, ba raba 'yan'uwa ba. Daga ƙarshe muka sa direban ya faɗa mata da bakinsa, muna zaune. Nan abokina ya ce, "Mama, yogot ya riga rana fita, da ƙanƙara a cikin kular sanyi. In ƙaninki ya sauke, motar tasa ce, ya kai namansa, ya wanke ta tas."

Ta dubi ƙaninta ta ce, "Da ka tambaye ni, hana ka zan yi?"

Tsami ya ƙare. Har Barikin Ladi kayanta suka riƙa zuwa.

Kamfaninmu bai yi tsawon rai ba. Abokina yana Legas yanzu, yana tsara wa manyan kamfanoni tafiyar kwantena. Ni ina koyarwa. Ranar Kirsimeti nakan kira shi, ranar Sallah ya kira ni. Duk manyan ayyukan da ya yi, ba ya ba ni labarinsu. Abin da yake fara tambaya shi ne ko Hajiya na nan.

Bara na ce masa ta rasu, ƙaninta ne ke riƙe da wurin. Ya ce, "Ka je ka gaishe min da shi."