Kuka Biyu a Wayar Baba

Babana mutum ne mai baki. Direban babbar mota ne da ya baro ƙauye ya zauna a unguwar Gyadi-Gyadi tun ba a haife ni ba. In yana kan hanya ba ya rubuta saƙo, sai dai ya danna waya ya yi ta zuba. Saƙon muryarsa ɗaya ya isa ki gama wanke-wanke har ki kife kwanuka. "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ranar da na gaya masa na samu gurbi a jami'a, zan karanta kwamfuta haɗe da kimiyyar harshe, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Kwamfuta dai na ji. Amma harshe? Hausar da kika sha a nono ce wani ƙato zai tsaya ya koya miki? To ni ma a naɗa ni farfesa mana!"

Bai bar maganar a gida ba, ya kai ta majalisarsu ta bakin kasuwar Tarauni. In na zo wucewa sai abokansa su ce, "Malama, yau an koya muku 'ina kwana'?" Ni kuwa akwai zuciya. In durƙusa in gaishe su, in wuce ina tafasa.

Ina aji uku ɓarin jikin Baba ya shanye. Hankalinsa garau, hannun hagu na aiki, amma harshen nan ya ƙi tashi. Ya daina fita majalisa. In yana son ruwa sai ya buga kofi a ƙafar gado. Wallahi babu abin da ya ƙona mini rai kamar ƙarar kofin nan.

Na sa masa manhajar da ke karanta rubutu a waya. Muryar wata Baturiya ce, tana furta Hausa kamar mai taunar tsakuwa. Ya saurara sau ɗaya, ya kife wayar. A nan na yanke shawarar aikin kammala karatuna: muryarsa zan mayar masa. Ai ga ta nan jibge a wayoyinmu. Na tattaro tsofaffin saƙonninsa, na daddatsa su gaɓa-gaɓa, na rubuta manhajar da za ta riƙa harhaɗa gaɓoɓin in ya rubuta kalma.

Ranar gwajin farko mahaifiyata, Inna, tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Baba ya lallaɓa da yatsa ɗaya ya rubuta, sai muryarsa ta fito, tasa ta gaske:

"Ina son kuka."

Inna ta saki ludayin. "Innalillahi! Alhaji, me aka yi maka?"

Ya galla mana harara, ya nuna madafa. Ashe miyar kuka bawan Allah yake so! A rubuce duk ɗaya ne, amma a baki kukar miya murya sauka take a ƙarshe, kukan hawaye kuwa a sama take tsayawa. Manhajata duk "ka" ɗin da ta samu take cafkowa. Karin sauti ke nan, darasin da ake yi mini dariya a kansa.

Na koma kan gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya ina yi musu alama: wannan sama, wannan ƙasa, wannan doguwa, wannan gajeriya. Garin tuwo daban da garin mutane, farin launi daban da farin rashin ruwa. Kunnena ya sha wuya, har in Inna na yi mini faɗa sai in tsinci kaina ina auna muryarta maimakon in ji abin da take cewa. Inda rubutu ya zo ɗaya, na sa hotuna biyu su fito ya zaɓa. In kalmar kuka ce, bishiyar kuka ko ido mai hawaye.

Da manhajar ta daidaita, muka ɗora shi a adaidaita sai majalisa. Aka yi ta sannu-sannu irin wadda ake yi wa majinyaci. Ya ƙyale su suka gama, sannan ya dubi babban amininsa ya danna:

"Har yanzu ba ka canja hular nan ba?"

Mutumin ya zabura kamar ya taka garwashi. Majalisa ta kece da dariya da kabbara. Wani ya ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka," kuma a ranar babu zolaya a cikin Malamar. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har tafiyata sai da ta canja.

Ranar da na kare aikin a gaban malaman sassan biyu, na dawo gida da gudu na faɗa ɗakinsa. Na ce, "Baba, na ci! Sun ce ba su da gyara."

Ya jawo wayar. "Uwata," in ji muryarsa. Sai ya sake rubutu a hankali.

"Ina son kuka."

Muryar a sama ta tsaya. Inna ta amso daga tsakar gida, "Kin ji, abin naki ya sake rikicewa. Ce masa yanzu zan kaɗa miyar."

Na leƙa fuskar wayar. Yatsansa na kan hoton idon, bai ɗaga ba.

Na ce, "Inna, bar miyar nan. Daidai ta faɗa."