Ranar da Bitrus Ya Tsallake Dogon Kanada

Cikin duk binciken da aka taɓa ba ni a wurin aikin nan, wanda ya ƙi fita daga raina shi ne wanda ko kwali ɗaya bai ɓata a cikinsa ba. Ku sababbi kuna yawan tambayata me ya sa ba na rufe fayil sai na taka da ƙafata na ga mutumin. To ga dalilin, iya yadda zan iya tunawa, domin ban rubuta komai ba a lokacin.

Ban daɗe da gama digiri ba aka ɗauke ni a sashen binciken cikin gida na wannan kamfani namu na adana kaya da jigila, lokacin muna tsohon ginin da ke bayan Gate City Boulevard. Aikina na odita, wato mai binciken lissafi, shi ne in gwada abin da kwamfuta ta ce akwai a sito da abin da ido ya gani. Ina cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ni ba tukuna, saboda haka ko imel zan aika sai na karanta shi har ya gundure ni. Shugaban sashenmu Mista Rob ne. Masu jin Hausa mu uku ne kacal: ni, da Alhaji Tanko mutumin Zariya, shugaban masu karɓar kaya, wanda ya girme mu nesa ba kusa ba, da Bitrus ɗan Kafanchan, magatakardan sito. A lokacin Bitrus ya nemi muƙamin sufabaiza na shif ɗin rana. Ga wanda bai sani ba, sufabaiza ne ke sa hannu duk sa'ad da za a gyara adadin kaya a kwamfuta, wato kujera ce ta amana zalla. Mista Rob kuma yana cikin masu zaɓen wanda za a ba.

Sai in ɗan yi bayanin wasan, don ni ma ban san shi ba kafin in zo. Ma'aikata suna da gasar fantasi ta hokin ƙanƙara, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. Ba wanda ke hawa ƙanƙara a cikinsu. Kowa yana da ƙungiyarsa a waya, ya tara sunayen 'yan wasa na gaske, abin da suka ci a fili shi ne makinsa. Tasu irin wadda ake riƙe ɗan wasa shekara da shekaru ce, don haka ranar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ranar diraf, ranar da ake zaɓen samarin da suka fara tasowa, 'yan sha takwas sha tara, waɗanda ake sa ran za su zama wani abu nan gaba. Ƙa'idar ita ce wanda ya zo na ƙarshe bara shi ke fara zaɓe, sai wanda ke samansa, a haka har a kai ga zakara. Ba a sa kuɗi, domin tun da Alhaji zai shiga ya ce shi ba ya caca. Abin da zakara ke samu shi ne wurin fakin mota na bakin ƙofa har shekara ta zagayo.

A shekarar da nake magana Bitrus ne na ƙarshe, Alhaji na samansa. Kuma akwai wani yaro ɗan Kanada da kowa ya yarda babu na biyunsa a cikin samarin. Alhaji ne ya raɗa masa Dogon Kanada, har Turawan ofis suka kama. Tun bazara ake taya Bitrus murna kamar matarsa ta haihu.

An yi diraf ɗin a watan Satumba, a ɗakin cin abinci, lokacin hutun rana. Ni ba na cikin gasar, ina gefe da shinkafata. Mista Rob, wanda shi ne alƙalin gasar, ya ce Bitrus ya fara. Bitrus ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Bismillah, Baba." Sannan ya ambaci sunan wani mai tsaron baya ɗan Suwidin. Yaro ne mai kyau, an ce, amma ba Dogo ba ne. Alhaji ya gyara tabarau ya ɗauki Dogon Kanada.

Da a nan abin ya tsaya, ina jin da an yi wa Bitrus dariya an wuce. Amma cikin makon sai sanarwa ta fito a wayar kowa: Alhaji ya yi musaya da Bitrus, ya ba shi Dogon Kanada, ya karɓi wani tsohon gola da ko benci ba ya samu. Ku lissafa da kanku. Bitrus ya tashi da ɗan Suwidin da Dogo gaba ɗaya, samari biyu mafi kyau, alhali ɗaya kawai ƙa'ida ta ba shi. Idan da wani zai zauna ya tsara yadda za a yi maguɗi a wannan gasa, ban ga yadda zai tsara wanda ya fi wannan tsafta ba.

Mista Rob ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce, "Mubarak, kana wurin. Me Bitrus ya ce wa Tanko kafin ya zaɓa?"

Na ce kalma ce da ake faɗa idan ana gayyatar mutum ya fara wani abu, amma tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, gwargwadon hali.

Ya ce, "Wasa ne, na sani. Amma mako mai zuwa zan zauna in ce a ba mutumin nan sa hannun sito ko kada a ba shi. Idan shi da shugaban masu karɓar kaya suna iya haɗa baki a kan wurin fakin, ina so in sani tun yanzu. Kana jin yarensu. Ka bincika mini, ba a rubuce ba."

Na fito daga ofishin. Abu na farko da ya zo mini shi ne, anya ba ni ake gwadawa ba? Wataƙila yana so ya ga ko zan rufa wa 'yan ƙasarmu asiri. Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne ni kaina ban yarda da su ba. Na san ana barin babba ya fara, a gidanmu ma haka aka tashe mu. Amma wannan a kan abinci ne, ko shiga mota, ko sahun gaba. Ban taɓa jin ta bi mutum har cikin waya ba. Kuma in ma girmamawa ce, me ya dawo da Dogo hannun Bitrus? Na fara lura da abubuwan da da ba na gani. Tare suke zuwa aiki wasu ranakun. Idan na shigo suna hira sai in ga kamar sun sauya magana, ko da yake mai yiwuwa ni ne nake ganin haka. Har na koma na duba takardun karɓar kaya da suka bi ta hannunsu su biyu. Ban ga komai ba, sai rashin ganin ma ya ƙara mini zargi.

Na fara tarar Bitrus a bakin sito. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

Ya ce, "Malam Mubarak, faɗi abin da ke bakinka, motar kaya na jira."

Na ce, "Maganar Dogo ce. Mutane na cewa... ban ce ni na ce ba."

Ya ce, "Kai da ka sha nonon Hausa kake tambayata? Baba na zaune, gemunsa fari, in miƙa hannu in ɗauke na gaba a idonsa? Mutumin da ya je ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan?"

Na ce, "To musayar fa?"

Ya ce, "Wannan shi za ka tambaya. Ni ma a waya na gani, na kira shi na ce ba na so, ya ce in na ƙi karɓa kada in ƙara taka gidansa."

Amsar ta yi daɗin ji, kuma a makaranta an koya mana mu yi hattara da amsa mai daɗin ji. Na kira Alhaji na ce ina son ganinsa. Ya ce in zo Asabar da azahar, Hajiya za ta yi tuwo.

Gidansa na Pleasant Garden, can bayan gari, fili har ido ya gaji. Da na isa na tarar da motar Bitrus a ƙofa, sai na ce a raina sun riga sun daidaita bakinsu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe a faranti ɗaya, muka zauna a ƙasa mu uku. Akwai wata ƙatuwar tsoka a gefen Bitrus. Ina kallo ya sa yatsa ya tura ta gaban Alhaji, bai ko daina maganar da yake yi ba. Alhaji ya ɗauka, ya ɗan gutsuri gefe, ya mayar da sauran gaban Bitrus ya ce, "Ci, kai ke ɗaga kaya."

Na ajiye lomata. Alhaji ya dube ni ya ce, "Oditan hoki, an ce kana bincikenmu. Ka kawo ankwa ko sai Litinin?"

Na ce, "Alhaji, ba haka ba ne. Ana dai ganin kamar abin ya yi daidai da yawa."

Ya ce, "Yaro ya ba ni girmana a gaban mutane, na karɓa don kada in kunyata shi. To sai in riƙe? Ni da nake shirin ritaya me zan yi da ɗan shekara sha takwas? Kafin Dogo ya fara cin ƙwallo ina Zariya ina jan carbi." Ya juya wajen kicin ya ɗaga murya, "Hajiya, ƙaro wa odita nama, ya rame da zargi."

A hanyar komawa na yi ta juya abin. Ba zan ɓoye muku ba, har na yi tunanin ko tsokar nan ma don ni aka shirya ta. Abin da ya rinjaye ni shi ne Bitrus bai kalle ni ba sa'ad da ya tura ta. Mai wasan kwaikwayo yakan saci kallon ɗan kallo.

Ranar Litinin na gaya wa Mista Rob abin da na gani da abin da na ji. Na ce ban sami shaidar haɗa baki ba, amma ba zan iya rantsewa a kan zuciyar kowa ba, kuma ya sani ni ma ɗan can ne, ya auna maganata da wannan. Na zaci zai huce. Sai na ga fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

Ya ce, "Ka san wannan ya fi maguɗi tayar mini da hankali? Ɓarawo zan iya kama shi. Amma mutumin da ba ya iya ce wa dattijo a'a fa? Kira mini su."

Da suka shigo bai yi kwana ba. Ya ce wa Bitrus, "Ka zama sufabaiza. Tanko ya kawo maka takardar gyaran adadi, ka ga ba daidai take ba. Me za ka yi?"

Bitrus ya ce, "Zan miƙe tsaye in gaishe shi, in ba shi kujerata, in kawo masa ruwa. Sannan in ce ba zan sa hannu ba. Dogo nawa ne, ina iya bayarwa. Kayan sito ba nawa ba ne."

Alhaji ya yi tsaki ya ce, "Ai ya taɓa yi mini. Bara, a kan kwalayen fenti. Ya sa na koma na sake ƙirgawa a gaban yarana, yana ta ce mini sannu Baba, sannu Baba. Yini guda ban yi masa magana ba."

Wannan ana iya dubawa, kuma na duba a ranar. Takardar fentin tana nan, an mayar da ita ba sa hannu, an sake shigar da ita da adadi daban. Na taɓa wucewa ta kanta a bincikena na farko ban ba ta muhimmanci ba, domin a lokacin inda suka yarda da juna nake nema, ban nemi inda suka saɓa ba.

'Yan gasar suka yi ƙuri'a aka soke musayar, Dogon Kanada ya koma wa Alhaji, yana ta mita wai an ɗora masa rainon jariri da tsufansa. Aka kuma kafa doka cewa kowace musaya sai alƙali ya amince. Bayan mako biyu sunan Bitrus ya fito a matsayin sufabaiza. Ban san nawa maganata ta taimaka ba, wataƙila kaɗan ne.

Abin da na ɗauka daga wannan, in har na fahimce shi daidai, shi ne a kwamfuta sawun mai ladabi da sawun macuci iri ɗaya ne. Allo zai nuna maka abu ya tashi daga hannun wane ya koma hannun wane, ba zai gaya maka dalili ba. Dalilin sai ka tashi ka je, wani lokaci har ka ci tuwon mutum. Kuma idan kana zargin mutum biyu da haɗa baki, kada ka tsaya kan ranakun da suka yarda da juna, nemi ranar da ɗaya ya ce wa ɗaya a'a. In babu irin wannan rana ko ɗaya, to a nan ne ya kamata hankalinka ya tashi.